Zuwa Maraɗi Neman Rediyon da Mutum Ɗaya Zai Ɗauka

Tun da muka dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, wurin mai shayi a tambaye ni. Har a ajinmu na yaƙi da jahilci, inda muke haɗuwa bayan la'asar, sai da malaminmu ya ajiye alli ya ce, "Malam Garba, tun da bakinka ya gaji, ba hannunka aikin. Rubuta mana." To, ga shi na rubuta. Na yi mako uku a kai, don hannuna bai kai bakina sauri ba tukuna.

Ina zaune a Makera, cikin Kaduna. Na daɗe ina dako a tashar jirgin ƙasa, da kaya suka ragu na koma gadi a wani shagon walda. Ƙanena Audu kuwa manomi ne, yana wani ɗan ƙauye can bayan Kamazou, sai an haye rafi. A daminar bara rafin ya cika ya tafi da kadarkon, muka yi kwana huɗu ba mu san ko suna raye ba. A rana ta biyu na tafi Trikania wurin Baba Yohanna. Tsohon ma'aikacin waya ne da ya yi ritaya, yana da lasisin gwamnati na yin magana ta rediyo, kuma ɗaki guda ya cika da na'urori, yana hira da mutanen ƙetare don sha'awa kawai.

Na ce, "Baba, kai da kake magana da mutanen bayan teku, ka tambayar mini ƙanena mana. Ga shi nan kusa."

Bai yi mini dariya ba. Ya ce, "Garba, sai da wani rediyon a can wurinsu. Kuma duba, tun jiya aka ɗauke wuta, nawa ma barci yake yi."

Da ruwa ya janye muka tarar kowa da rai, amma 'yar Audu ta kusa tafiya saboda gudawa, alhali maganin yana nan kemis ɗin bakin titi. Wannan abu ya tsaya wa Baba a rai. Ya ce a haɗa akwatin gaggawa: rediyo ɗaya mai kai magana nesa, da oba-oba guda biyu na hannu, da batir, da waya. Alhaji Sule, mai sayar da kayan gini a layinmu, wanda shi ma yake da gona a wajen, ya ce shi zai ɗauki nauyi. Da aka zo maganar wa zai riƙa kai akwatin inda ruwa ya tare hanya, sai kowa ya juyo ya dube ni.

Baba yana da aboki a Maraɗi, Malam Isufu, wanda ya yi wa masu haƙa rijiyoyi aikin rediyo, da aikin ya ƙare aka bar masa wasu daga cikin rediyoyin. Shekara shida suna hira ta iska ba su taɓa ganin juna ba. Shi ya ce mu zo mu zaɓa. Kafin mu tashi Baba ya sa na rubuta a shafin farko na littafina abin da muke nema: ya yi aiki ko babu wutar gari, mutum ɗaya ya iya ɗauka, kuma wanda ba injiniya ba ya iya kunnawa.

Mun tashi da zafin bazara, bayan asuba, a akori-kurar Alhaji. Shi ke tuƙi, Baba a bakin taga, ni a tsakiya, duk lokacin da aka canza giya sai gwiwata ta sani. Da na leƙa baya na ga an share motar tas, an shimfiɗa sabuwar katifa.

Na ce, "Alhaji, wa za mu ɗauko? Mara lafiya?"

Ya ce, "Rediyo mana. Kana so ya jijjiga a hanya?"

Baba ya gyara zama, muka ci gaba da tafiya.

A Zariya muka tsaya shan koko, Alhaji ya sayi tocila. Mai teburin ya miƙo masa guda uku, bai kunna ko ɗaya ba. Ya riƙa ɗora su a tafin hannu yana jinjinawa, ya ɗauki wadda ta fi nauyi. Ban ga laifinsa ba, don duk haka muke yi. Kwaɗon ƙofa, dutsen guga, adda, keken ɗinki, a hannu muke gane na gaske. Mai nauyi shi ne na asali, mara nauyi jabu.

Bayan Funtuwa taya ta fashe. Muka sauka, Alhaji ya zagaya motar sau biyu, sannan ya tuna ya sauke jak a gida don katifa ta samu wuri. Muka zauna gindin wata tsamiya har wani direban babbar mota ya tsaya. Ya ara mana jak, ya dubi katifar, ya dubi Alhaji, ya ce, "Allah ya sa a dawo da amarya lafiya." Baba ya yi ta ɓoye dariya da tari har Malumfashi.

A Katsina muka kwana, gidan wani abokin kasuwancin Alhaji. An karɓe mu da fura mai sanyi, da magariba aka kawo tuwon dawa miyar kuka da man shanu yana yawo a kai. Mai gidan ya ji Baba masanin rediyo ne, sai ya ɗauko nasa da ya daina magana tun ƙaramar salla. Baba ya buɗe, ya hura, ya matse wata waya, rediyo ya kama. Da safe muka fito muka tarar da rediyo bakwai jere a zaure, masu su na zaune suna jira, har da wata tsohuwa da ta kawo agogon bango. Sai hantsi muka samu kanmu.

A iyaka, ɓangarenmu na Jibiya ba a daɗe ba. Da muka isa Ɗan Isa muka ga shingen nasu igiya ce kawai tsakanin ganga biyu, amma ba wanda ke ƙetarewa sai an ce ya wuce. Wani jandarma ya sara mana tukuna, abin da ban saba gani ba, sannan ya karɓi takardu har da katin rigakafi, ya karanta kowanne daga sama har ƙasa, bai yi sauri ba, bai kuma ɗaga murya ba. Da aka zo sa hannu ya dubi tafin hannuna, ya turo mini tawadar dangwale. Na ce ya ba ni biro. Na daɗe a kan sunan, Alhaji yana ta duba agogo, amma jandarman ya jira har na gama, ya ce da irin Hausarsu, "Lahiya lau, Malam. Sauka lahiya."

Mun shiga Maraɗi rana tsaka, muka tarar da garin kamar an yi shara. Shaguna a rufe, ofisoshi a rufe. Na zaci rasuwa aka yi. Ashe haka suke yi kullum: rana ta take, kowa ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta, sai wajen la'asar a sake buɗewa. Alhaji ya ce da a Kaduna ne da an kori kowa daga aiki. Ni dai na ga hikima a ciki, don zafin garin ba na wasa ba ne. Burodinsu kuma dogo ne kamar sandar makiyayi, ba a sa shi a leda, a hammata ake saƙale shi a hau keke. Ɓawon yana da tauri har ya kankare mini dasashi, amma cikin da daɗi.

Baba ya ce mana Malam Isufu ƙato ne, don muryarsa a rediyo kamar ta mai shela. Muka yi sallama a gidan da aka kwatanta mana, mai dogon ƙarfe a kan soro, sai ga wani ɗan siririn dattijo ya fito da zane a kafaɗa. Baba ya ce, "Muna neman mai gidan." Dattijon ya tsaya cik, ya ce, "Sake faɗa in ji." Baba ya sake. Sai kawai suka rungume juna suna dariya, kowa yana cewa ɗayan bai yi kama da muryarsa ba. Aka sauke mu a ɗakin baƙi, aka kawo dambun zogale da kilishi. Shayinsu a ɗan mitsitsin kofi ake sha, sau uku, na fari da ɗaci kamar maɗaci, na ƙarshe kamar zuma, kuma tashi kafin na ukun rashin ladabi ne.

Da rana ta yi sanyi Malam Isufu ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya fito da kayan. Na farko sai da shi da Baba suka kama tare. Baƙin ƙarfe ne, gabansa cike da maɓallai, cikinsa wasu kwalabe ne da ke yin ja idan sun ɗauki zafi. Na biyun kuwa da hannu ɗaya ya kawo shi. Bai kai rabin bulo ba, fentinsa ya koɗe, maɓallansa ba su fi biyar ba.

Alhaji ya durƙusa ya kama babban zai jinjina, abu ya ƙi tashi. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Wannan shi ne rediyo." Ya ɗaga ƙaramin sama da ƙasa, ya ajiye. "Wannan kuwa na wasan yara ne."

Baba ya ce, "Alhaji, babban ya fi ƙarfi, gaskiya ne. Amma yana shan wuta kamar doki. Na ɗaki ne, ba na daji ba."

"Baba, naka na gida babba ne ko ƙarami?"

"Babba ne."

"To. Kai ka riƙe babba, mu ka ba mu ɗan tsako? Mutanen unguwa su ga na je har wata ƙasa na dawo da wannan?"

Malam Isufu ya ce a gwada, tun da babban yana iya aiki da batirin mota. Aka ja waya zuwa akori-kura, aka kunna. Kai, abin ya yi kyau, ba ƙarya. Fitilu suka kama, muryoyi suka cika gidan, Faransanci, Larabci, Turanci, da wasu harsunan da ko Baba bai sani ba. Malam Isufu ya yi magana da wani a Agadas kamar yana bayan katanga. Alhaji ya ce a sake, aka sake. Muka sha shayi na fari, na biyu, na uku, abu yana ta ruri. Da Alhaji ya tashi zai kai mu kasuwa kafin magariba, ya murɗa makulli, mota ta ce ƙyas, ta yi shiru. Haka ni da Baba da Malam Isufu muka tura ta cikin yashi har bakin kwalta, matan unguwa suna leƙe ta kan katanga.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ina! Alhaji ya leƙo ta taga ya ce, "Batirin ne ya tsufa. Sai mu haɗa shi da na babbar mota."

A nan hankalina ya tashi, don na san kan wa wannan batirin zai hau. Amma ni ba mai jayayya da manya ba ne, kuma ban san komai a kan rediyo ba. Abin da na sani kaya ne. Da safe bayan mun karya, na ce, "Alhaji, ina da roƙo. Mu a tasha ba ma karɓar kaya sai mun gwada shi a ka. A bar ni in gwada."

Ya ce, "Wannan ai daidai ne. Gwada, kowa ya gani."

Malam Isufu ya aro batirin babbar mota wurin maƙwabcinsa. Aka sa shi da rediyon a akwatin katako, muka kai bakin gulbin garin, wanda a lokacin ba ruwa, sai yashi. Na naɗa gammo da tawul. Su uku suka kama suka ɗora mini. Wuyana ya amsa, amma na taɓa ɗaukar abin da ya fi shi. Na roƙi Baba da Malam Isufu su zauna a inuwa, Alhaji kaɗai ya biyo ni. Na shiga yashi ina tafiya a hankali, hannuwana biyu riƙe da akwatin.

Alhaji yana bayana yana ɗaga murya don su ji. "Kun gani? Na ce muku Garba ƙarfe ne! Ga shi yana tafiya kamar ya ɗauki faifai!"

Da muka kai tsakiyar gulbin na tsaya. Na ce, "Alhaji, mun iso ƙauyen su Audu. Sauke ni."

Ya ce, "Sauke mana."

"Ba zan iya ba. Mutum uku suka ɗora mini."

Ya naɗe hannun riga ya kama gefe ɗaya. Akwatin ya karkata, na ji batirin ya zame ciki, na ce, "Saki, Alhaji, saki!" Ya saki, hularsa ta faɗi a yashi.

Na ce, "Da buhun masara ne sai in sunkuya in jefar. Wannan kwalabe ne a cikinsa. Kuma ka ga hannuwana duka biyu suna sama. Ranar da za a bukaci wannan kaya, nan inda muke tsaye ruwa ne har ƙirji. Da wane hannu zan riƙe sanda in taɓa ƙasa? In na haye kuma, kafin in samu mutum uku masu ƙarfi a garin da kowa ke ta kansa, ina nan tsaye da shi a ka."

Alhaji ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe. Ya dube ni, ya dubi faɗin gulbin, sannan ya juya ya ƙwala kira, "Baba! Malam Isufu! Ku zo ku sauke bawan Allah kafin wuyansa ya shige ciki!"

Ƙaramin da batirin babur yake aiki. Aka haɗa su da naɗin waya a ƙaramin akwati. Na ɗaga da kaina na ɗora, na sauke, na sake ɗorawa, na tafi da hannu ɗaya a sake har na gaisa da wani mai jaki.

Alhaji ya ce, "Na ji, yana ɗaukuwa. Amma wannan ɗan abin muryarsa za ta kai ko Jibiya?"

Dama Baba ya bar wani abokinsa mai lasisi, Malam Bulus, a ɗakinsa na Trikania, sun yi da shi ya riƙa saurare kullum da hantsi. Aka ɗaura dutse a bakin waya, na jefa ta kan wata bishiyar bedi, aka ja ɗaya bakin zuwa wata. Malam Isufu ya kunna, ya faɗi lambarsa, ya yi kira. Shuuu kawai muke ji. Ya sake. Alhaji ya fara gyara murya zai yi magana, sai ga wata 'yar murya can ƙasa-ƙasa, amma kowace kalma ta fito: Kaduna tana ji.

Malam Isufu ya miƙo mini abin magana. Na danna, na ce, "Salamu alaikum, Garba ne, daga Maraɗi. Muna lafiya." Na tsaya ina jira. Shiru. Na ce, "Ya tafi."

Baba ya ce, "Saki maɓallin, Garba! Ka danne masa baki!"

Na saki, sai ga Malam Bulus yana dariya yana cewa ya ji ni sarai. Nan take Alhaji ya karɓe ya danna. "Bulus! Don Allah aika shagona a tambaya ko motar siminti ta iso." Baba ya yi wuf ya fizge. Ya ce doka ta hana harkar kasuwanci a wannan layi, lasisin mutum ake karɓewa. Alhaji ya ce to shi wannan wace irin waya ce. Amma yana faɗa yana shafa kan ɗan rediyon.

Zaɓen oba-oba bai ɗauki lokaci ba. Akwai wasu sababbi masu kyau, amma batirinsu sai an yi caji da wutar gari. Akwai wasu tsofaffi biyu, ɗaya har an ɗaure shi da roba, su kuwa batirin tocila suke ci, irin wanda kowane mai teburi yake sayarwa. Alhaji ya ɗora sabon a tafin hannu, ya fara jinjinawa, sai ya ga muna kallonsa. Ya ajiye ya ce, "Garba, me littafinka ya ce?" Na karanta masa. Muka ɗauki tsofaffin. Malam Isufu ya zauna da ni har azahar yana nuna mini yadda ake haɗawa, ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, ina rubutawa ɗaya bayan ɗaya.

Da za mu taho aka ɗora ɗan akwatin a tsakiyar katifa, ya zauna kamar jariri a gadon sarki. Alhaji ya cike sauran wurin da albasa da kilishi da dogon burodi goma na tsaraba. Kafin mu kai Funtuwa burodin ya bushe, har Baba ya ce a ajiye ɗaya maimakon jak.

A iyakarmu mun daɗe, don rediyon da ke aika magana ba abin da ake wucewa da shi haka kawai ba ne. Baba ya fito da lasisinsa da takardar izinin shigowa da kayan, aka buɗe akwati, aka rubuta lambar kowane ɗaya. Babban jami'in ya tambaya me tsofaffi uku za su yi da oba-oba. Baba ya ba shi labarin rafin. Jami'in ya ce garinsu ma a bakin kogi yake. Ya buga hatimi, ya ce mu gaida gida.

Mutanen layinmu da suka taru ganin rediyo ba su ji daɗi ba. Wani ya ce, "Shi ke nan?" Alhaji ya ce masa, "Kai me ka sani a kan rediyo?"

Makon jiya aka kwana biyu ana ruwa, rafin ya sake cika. Alhaji ya kai ni har inda mota ta iya zuwa, ya koma wurin Baba. Na naɗe akwatin da leda, na ɗora, na riƙe sanda a hannun dama, na shiga. Ruwan ya kai mini ƙirji. Na haye, na isa gindin ɗorawar da ke ƙofar gidan Audu, na sauke, na jefa waya, na buɗe littafina na bi abin da na rubuta. Allah ya taimaka ba a ɗauke wuta a Trikania ba, Baba ya amsa tun a kira na biyu. Na gaya masa kowa lafiya, ɗakuna biyu sun faɗi, ana bukatar maganin zazzaɓi da gishiri. A wannan karon na tuna na saki maɓallin.

Sai na ji ana kokawa da abin magana a can, sannan muryar Alhaji ta fito.

"Garba! Kana ji na?"

"Ina ji, Alhaji."

"Wa ya sauke ka?"

Na danna na ce, "Ni kaɗai, Alhaji."